Yadda za ka saita makirufo murya ta daina tsagewa

Duk wanda ya turo mini rikodin ya ce murya na tsagewa, tambayata ta farko ita ce: da wace irin murya kuka yi gwaji? Amsar ba ta cika sauyawa ba. An ce "gwaji, ɗaya, biyu" a sanyaye, an murɗa gen, wato maɓallin ƙara wa makirufo ƙarfi, har mitar da ke nuna ƙarfin sauti ta kusa cika, da mai magana ya ɗauki zafi sai jar wuta ta kama.

Wutar da makirufo ke fitarwa 'yar kaɗan ce, shi ya sa miksa ko akwatin sauti ke da firiyam mai ƙara mata ƙarfi, kuma maɓallin gen ne ke juya shi. Firiyam na da iyakar wutar da zai iya bayarwa. Na'urar da ke mayar da sauti lambobi ita ma tana da rufinta, wato 0 a ma'aunin ƙarfin sautin dijital da ake kira dBFS, babu komai sama da shi. Kamar mudu ne, in ya cika duk abin da ka ƙara ƙasa zai zube. Saman igiyar sautin ke yankewa ya baje, kunne ya ji murya ta yi kaushi tana tsagewa.

To, ka sa mai magana ya yi da murya mafi ƙarfi da zai yi a aikin. In mawaƙi ne ya rera wurin da yake ɗaga murya, in mai gabatar da shiri ne ka sa shi dariya. Sannan ka murɗa gen har maganar yau da kullum ta tsaya wajen -18 dBFS, ƙololuwa kuma tsakanin -12 da -6. Wannan tazarar da ka bari tsakaninka da sifili ita ce kariyarka. Ni a hira na fi tsayawa a -12, don mutane kan ɗaga murya fiye da yadda suka yi a gwaji. A kan akwatin sauti irin Focusrite Scarlett, zoben haske da ke kewaye da gen ya ishe ka: kore lafiya, ruwan goro ka yi hattara, ja ka rage.

Wasu na tsoron sautin zai yi ƙasa. Wannan tsoro gadon zamanin kaset ne, lokacin da sai ka cika mita kafin ka danne shuuu ɗin tef, kuma tef in ya ƙoshi a hankali yake murɗe sauti. Dijital ba ya lallashi. Amma yana da fili tsakanin sauti mafi ƙasa da mafi ƙarfi, kuma yawan bit da aka adana sautin da shi ne ke nuna faɗinsa: kowane bit ɗaya kusan 6 dB ne, don haka 16-bit na ba da 96 dB, 24-bit kuma 144 a lissafi. Ka ɗauka a 24-bit, barin 12 dB a sama ba zai rage ka da komai ba.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne feda, wato maɓallin da ake ja sama da ƙasa a miksa don daidaita ƙarar da ke fita. Ka ga ja, ka ja feda ƙasa, mitar fita ta koma kore, amma tsagewar na nan, domin tun a firiyam ta faru, kafin sautin ya iso feda. Danna PFL, maɓallin da ke nuna sautin kafin ya iso feda, ka ga ainihin abin da ke shigowa, ka gyara a gen. In gen na ƙasa can kuma har yanzu ja, kamar in makirufo na bakin ganga ko kakaki, danna PAD, yawanci yana rage 10 ko 20 dB. Ko ka ja makirufon baya, ninka nisa na rage kusan 6 dB.

Masu kyamara a wurin wa'azi da biki, ku kula da wannan. Wayar da ke fitowa daga miksa tana ɗauke da wuta sama da bolt 1, ramin makirufo na kyamara kuwa ƙasa da hakan nesa yake jira. In ba ka mayar da shi LINE daga MIC ba, ko da ka rage ƙarar kyamara har mita ta yi kyau, a tsage zai shiga. Sa abin sauraro a kunne, mita kaɗai ba ta faɗa maka.

Rikoda masu 32-bit float irin Zoom F3 sun sauƙaƙa, don kana iya sauke abin da ya haura sifili a kwamfuta. Sai dai in makirufon kansa ko ƙofar shigar ta ƙoshi, ba su da magani. Manhajoji irin iZotope RX ma ƙiyasi suke yi na abin da ya yanke, suna taimakawa in ɓarnar kaɗan ce.

Ƙara kuwa a ƙarshe ake nemanta, bayan an gama tacewa. Nan za ka ɗaga sautin, ka sa limita, mai hana sauti haura iyakar da ka sa mata, ta tsare shi a -1 dB, don mayar da fayil MP3 kan ɗan ɗaga ƙololuwa.