Kurakuran da aka fi yi wajen buɗe DMA a faifan IDE

Faifan IDE, wato tsohon nau'in faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, yana aika bayanai ta ɗayan hanyoyi biyu: PIO ko DMA. A tsarin PIO, furosesa ce ke dakon bayanai da kanta, kuma ba ta wuce megabait 16.6 a daƙiƙa. A DMA kuwa faifai na zuba su kai tsaye cikin RAM: matakin gudun DMA da ake kira UDMA2 na kai megabait 33, UDMA5 na kai 100. Wannan ratar ce ke sa a buɗe mafi sauri ga kowace kwamfuta ba tare da gwaji ba, kuma daga nan ɓarna ke farawa.

Kebul ne ya fi kayar da mutane. Duk abin da ya haura UDMA2 sai da kebul mai wayoyi 80. Bakinsa fil 40 ne kamar na da, shi ya sa ake rikita su. Ƙarin wayoyin an jera su ne tsakani don kada siginar wata waya ta kutsa cikin ta kusa da ita. Shuɗin kai a babban allo, baƙin a faifai na farko, mai ruwan toka a na biyu, tsawonsa kada ya wuce inci 18. Wanda ya tilasta UDMA5 da umarnin Linux na hdparm -X69 a kan tsohon kebul zai ga lamba 199 ta SMART, wato rahoton lafiyar faifai, tana hawa, kurakuran da CRC, gwajin gano bayanan da suka lalace a hanya, ya kama ke nan.

Windows XP ma ba ya jurewa. Kuskure shida, sai ya rage gudu, a haka har ya sauka PIO ya zauna. Canza kebul tukuna, sannan ka cire tashar IDE a Device Manager ka sake kunna kwamfutar.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne lahanin da ba ya nuna kansa. A 2001 an gano guntun VIA 686B da ke kan babban allo yana iya lalata manyan fayiloli idan ana kwafi tsakanin faifai biyu a tashoshi daban, babu gargaɗi ko ɗaya, sai da aka sabunta BIOS. CRC kebul kawai yake tsarewa, kuma tsohon DMA na kafin UDMA ba shi da shi sam.

Don haka ka adana kwafin bayananka kafin komai. A tsohon Linux, duba abin da faifan ke iyawa da hdparm -i, buɗe DMA da -d1 kaɗai, auna gudu da -Tt. Kwafi babban fayil, ka gwada md5sum ɗinsa, wato lambar tantance fayil, da na asalin, ka leƙa dmesg don ganin saƙonnin kuskure na Linux. Kada ka yi gaggawar sa -k1, domin yana riƙe saitin ko bayan kuskure, ya hana Linux komawa gudun da faifan zai iya ɗauka.