Dabino da Zuma Don Tarbar Baƙi: Kurakuran da Ke Ɓata Faranti

Dabinon da aka cire wa ƙwallo, aka cusa masa soyayyar gyaɗa, aka yaryaɗa zuma da riɗi a kai, abin taɓawa ne da ake haɗawa cikin minti goma sha biyar kafin a sauke tukunya. Ba ya buƙatar wata ƙwarewa, amma sau da yawa yakan fito a jiƙe, yana danƙo, zaƙinsa yana hawa kai. Kusan duk matsalar daga zumar take tasowa, da lokacin da aka zuba ta.

Babban kuskure shi ne cika zuma. Wajen kashi biyu cikin uku na busasshen dabino sukari ne, don haka ƙamshi da sheƙi ake nema a wurin zumar, zaƙi dai akwai shi tun asali. Dabino 20 cokali biyu na cin abinci ya ishe su. A zuba zumar a ƙaramin kofi, a sa gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, a matsa lemun tsami kamar rabin cokalin shayi, a juya. Gishirin da tsamin su ke hana gundura, baƙo ya ci uku ya sake miƙa hannu. Mai son ɗan zafi ya ƙara garin citta kaɗan. Idan an shafa wa cokalin mai kafin a ɗebo, zumar za ta zame gaba ɗaya, awon ya fito daidai.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗora zuma a wuta don ta saki. Zuma tana saurin ƙonewa fiye da sukari, ta yi duhu, ta yi ɗaci, ƙamshin furen da aka saye ta dominsa ya tashi. A tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, minti goma, ana jujjuyawa. Haka ake yi wa wadda ta daskare ta yi tsaki-tsaki, musamman da sanyin hunturu. Mutane da dama na zubar da irin wannan, wai an haɗa ta da sukari, alhali zuma ta gaskiya ma tana daskarewa, firij kuwa ƙara mata sauri yake yi. Wadda ya kamata a guje wa ita ce mai kumfa da warin tsami: ruwa ya yi mata yawa, ko an ɗebe ta daga amya kafin ta nuna, ko an sirka ta. Nunanniyar zuma ruwan cikinta bai cika wuce kashi 20 cikin 100 ba. Gwajin ashana da na tururuwa da ake yi a kasuwa ba abin dogaro ba ne.

Zumar karkara, wadda aka matse da hannu daga saƙa, takan zo da ɓurɓushin kaki da fukafukan ƙudan zuma, wani lokaci har da toka. A tace ta da rariya mai laushi bayan ta yi ɗumi. A kuma ɗanɗana kafin a zuba, domin wadda aka cire da wutar kara tana ɗauke da ƙaurin hayaƙi, kuma a kan dabino ƙaurin fitowa yake yi fili. Mai haske ta fi dacewa da dabino, baƙa mai ƙarfi a bar wa soyayyen cuku ko awara.

Shi kansa dabinon akwai wurin kuskure. Busasshen da ake kawowa daga Nijar yana da tauri, wuƙa farfasa shi take yi. A jiƙa shi a ruwan ɗumi minti goma, sannan a tsane shi sosai da ƙyalle mai tsabta, don in da laima a jikinsa zumar sulalewa za ta yi ta taru a gindin faranti. Mai laushi irin na Saudiyya ba ya son jiƙo sam. A tsaga gefe ɗaya kawai a zare ƙwallon, kada a raba shi biyu, a leƙa cikin ko akwai tsutsa. Gyaɗa uku ko yazawa ɗaya sun isa ciki guda. In an cusa fiye da haka bakin ba zai rufu ba.

Riɗi a wanke shi tukuna saboda yashi, a shanya, a soya a busasshen kasko kan wuta kaɗan. Da ya fara tsalle yana ƙamshi, minti biyu zuwa uku ke nan, a juye a faranti nan take, domin zafin kaskon kaɗai ya isa ya ƙona shi. Gyaɗar kuma a murje jan ɓawonta.

Lokacin zubawa shi ma wasu na kuskurewa. Zuma tana jawo laima, gyaɗar da ta zauna a cikinta awa guda ta daina ƙaras-ƙaras, ga tururuwa da ƙudaje. A cusa dabinon tun da wuri a rufe, sai an ji sallamar baƙi a yaryaɗa zumar siriri daga ɗan nesa, riɗi ya biyo baya don ya manne. In da cuku ko awara za a haɗa, a soya su tsura, a tsane man, a zuba zumar suna da zafi. Wanda ya shafa ta kafin suya zai ga waje ya yi baƙi, ciki kuwa bai soyu ba.

A soka wa kowane dabino tsinken sakace, a ajiye ruwan wanke hannu kusa. A sanar da mai ciwon suga abin da ke ciki, a ware masa gyaɗar zalla idan ya fi so. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa kada a lasa masa ko ɗigo, domin zuma kan ɗauki ƙwayar cutar da hanjinsa bai yi ƙwarin da zai iya da ita ba.