Daga Senai zuwa Kuching: kada ka tashi ba fasfo a hannu

Ɗalibin da ya zo karatu jihar Johor a Malesiya, musamman 'yan'uwanmu na jami'ar UTM da ke Skudai, ba ya daɗewa wani dalili zai taso na zuwa birnin Kuching da ke jihar Sarawak, ko taron gabatar da maƙala, ko sunan jaririn wani namu da ke karatu a jami'ar UNIMAS da ke kusa da birnin. Lissafin tafiyar ba shi da wuya. Tsakanin filin jirgin Senai da ke Johor da na Kuching kusan kilomita 740 ne, bai ma kai nisan Kano zuwa Legas ba, jirgi kuma yakan yi kamar awa ɗaya da rabi a sama. Agogonsu ɗaya, sai dai magariba a Kuching takan riga ta Johor da kusan rabin awa. Hanyar mota babu, domin teku ne a tsakani.

Wannan sauƙin ne yake ruɗar sababbin zuwa, su ɗauka tamkar tashi ne daga Kano zuwa Abuja. Jihar Sarawak, wadda Kuching ce babban birninta, ta shiga tarayyar Malesiya a 1963 bisa sharaɗin cewa ita za ta riƙa kula da masu shigowa cikinta, kuma har gobe haka abin yake. Kana sauka za ka bi layin jami'an shige da fice, su karɓi fasfonka, su duba takardar izinin zamanka, duk da cewa jirgin na cikin gida ne.

Ni na san zafin wannan. A shekarata ta biyu na miƙa fasfona ofishin ɗaliban ƙasashen waje domin sabunta izinin karatu, sai ga tikiti mai rahusa, na saya ban tambayi kowa ba. Da asubar fari na isa Senai riƙe da katin ɗalibi da kwafin fasfo a cikin leda, ina ganin sun wadatar. Ma'aikaciyar ta juya takardar gaba da baya, ta turo mini ita a kan kanta, ta ce sai fasfo na ainihi. Na yi magiya har na bayana suka fara ƙosawa. Kuɗin tikiti suka tafi, na masauki suka tafi, maƙalar da na yi wata uku ina shiryawa kuwa ba a gabatar da ita ba.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne, jama'armu a nan ba sa rowar shawara. Waɗanda suka daɗe sukan tarbi baƙo tun daga filin jirgi, su nema masa ɗaki, su raka shi banki. Amma sai yaro ya yi wata biyu ya ga ya waye, ya sayi tikiti a waya da tsakar dare, sai abu ya ɓaci ya fara kiran mutane.

Don Allah, kafin ka biya ko sisi, ka tabbata fasfonka yana hannunka kuma izininka da sauran kwanaki masu yawa, sannan ka je ofishin makarantarku ka tambaya ko akwai wata takardar da mai fasfon ƙasarka zai riƙe. In an buga maka hatimi a Kuching, ka karanta kwanakin da aka ba ka kafin ka bar gaban jami'in, ka gwada su da ranar komawarka.