Yadda ake gano lalacewar kayan bawul a sabon injin dizal na a-kori-kura, da matakan da ya kamata a ɗauka

Kayan bawul su ne jerin ƙarafan da ke buɗe bawul (ƙofar da ke shigar da iska cikin silinda ko fitar da hayaƙi) su rufe shi a kan lokaci: kamshaf yana ɗaga tafet, tafet yana tura sandar turi, sandar tana karkata roka, roka kuma ya danna bawul, sannan sifirin ya mayar da shi mazauninsa. A injin dizal ana sa ran waɗannan kaya su yi tafiyar dubban ɗaruruwan kilomita, saboda haka idan suka fara ciwo tun mota tana sabuwa, akwai dalili, kuma yawanci ba ya wuce ƙarfen da bai sami kyakkyawar ƙira ba, ko kuskuren haɗi, ko bakin man da bai dace ba.

Da farko a san irin tafet ɗin da injin ke ɗauke da shi, domin shi ne zai nuna ma'anar ƙarar da ake ji. Akwai tafet na zallar ƙarfe wanda bakanike ke saita tazararsa da hannu lokaci-lokaci, akwai kuma wanda ke saita kansa da matsin mai, mai ɗan gargare a gindinsa da ke birgima a kan kamshaf. Injin Cummins mai lita 6.7 da ke cikin motocin Ram, alal misali, ya koma irin na biyun ne daga ƙirar 2019. Irin wannan tafet ya fi shiru, ya kuma ɗauke wahalar saiti, sai dai yana da tsirfa game da kauri da tsabtar mai, kuma idan gargarensa ya cije ya daina juyawa, sai ya riƙa kankare kamshaf a kowane zagaye.

Mataki na gaba shi ne saurare, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa, tunda injin dizal dama mai ƙara ne. A tayar da motar da safe tana sanyi, a buɗe bonet, a bar ta a sulo. Ƙarar ƙas-ƙas ta 'yan daƙiƙoƙi da ke ɓacewa da zarar mai ya hau sama ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta zauna daram bayan injin ya yi zafi, mai kama da bugun tsohon keken rubutu, tana ƙara sauri idan an taka totur. Kamshaf yana juyawa ne da rabin saurin karankshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, don haka injin da ke sulo a juyi 700 a minti zai ba da bugun tafet ɗaya kusan sau shida a daƙiƙa. A ɗauki doguwar sukundireba, a ɗora bakinta a kan murfin bawul, a kara kunne a mariƙinta, a bi silinda ɗaya bayan ɗaya tare da kiyaye fanka da bel. Inda bugun ya fi kaifi, nan matsalar take. Ƙarar nozil, mai fesa dizal cikin silinda, takan sauya da nauyin da injin ke ja, yoyon hayaƙi a mahaɗar salansa kuwa yakan lafa idan ƙarfe ya yi zafi, ya kuma bar baƙin tabo a wurin. A ɗauki sautin da waya, a rubuta kwanan wata da adadin kilomita.

Daga nan sai a jona na'urar karanta kwamfutar mota. Lambar P0300 tana nufin injin yana ɗingishi ba tare da an tantance silinda ba, P0301 zuwa P0306 kuma suna nuna silindar da abin ya shafa a inji mai silinda shida. A ɗauki hoton lambobin, kada a goge su, domin dila zai buƙace su. Rashin lamba ba ya wanke injin, tunda tafet yakan daɗe yana cin kamshaf kafin bawul ya kasa buɗewa yadda kwamfuta za ta lura.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin bakin mai. A ja sandar awo a duba: idan man ya haura alamar cika ba tare da an ƙara ba, yana kuma warin dizal, to dizal ya tsinka shi, abin da kan faru ga motocin da ke yawan tsayawa a sulo ko gajerun tafiye-tafiye, inda ƙona kunkunniyar da ta taru a matatar hayaƙi ba ya kammaluwa. A cire filtar mai a yanka ta da abin yankan filta, kada a yi amfani da zarto, saboda garin zarton zai gauraya da abin da ake nema. A ware takardar ciki, a matse man, a shimfiɗa ta a hasken rana. Ɗan ƙyalli mai laushi ba baƙon abu ba ne a juyen farko na sabon inji, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji, wanda maganaɗisu ke ɗauka, yana iya zama ƙarfen kamshaf ko na tafet. A saka takardar a leda a ajiye, a kuma ɗebi man a kwalba mai tsabta a aika ɗakin gwaji don a auna yawan ƙarfen da ke cikinsa.

Idan an ga ɓarɓashi, a kashe motar, a kai ta wurin dila a kan motar janwe. A ganina babu wani uzuri da ya kai a ci gaba da tuƙi a wannan hali, domin garin ƙarfen yana bin mai zuwa metal ɗin da karankshaf ke juyawa a kansa da turbo (na'urar da ke tura iska cikin inji) da famfon mai, gyaran saman inji ya rikiɗe ya zama sauyin inji sukutum. Kada kuma a bari wani ya kwance injin kafin dila ya gani, muddin garanti bai ƙare ba. A Amurka garantin injin dizal na irin waɗannan motoci yakan kai shekara 5 ko mil 100,000. A tafi da rasitan juyen mai da ke nuna irin man da aka zuba, domin abin da za a fara tambaya ke nan. Kaurin man da littafin mota ya ambata shi ne doka, ko da tsofaffin injinan kamfanin sun saba da mai mafi kauri, kuma duk wanda ya taɓa kwamfutar injin ko ya cire kayan tace hayaƙi ya ba kamfani hujjar ƙin biya.

Wajen gyara, a nemi a ga kayan da aka ciro da ido. Sabon tafet a kan kamshaf mai gurzuwa ba zai daɗe ba, saboda haka a tsaya kai da fata a sauya kamshaf da tafet gaba ɗaya, a mirgina kowace sandar turi a kan gilashi a ga ko ta lanƙwashe, a duba roka da sifirin, a zura kyamara cikin silinda a tabbatar bawul bai sari fistin ba, sannan a auna matsin kowace silinda. A kwance samfo, wato mazubin bakin mai na ƙasan inji, a wanke, a duba metal, a sauya ko a wanke na'urar sanyaya mai, wadda lungunanta ke ɓoye ɓarɓashi su sako shi daga baya. Duk wannan a rubuta shi a takardar aiki. Bayan karɓar mota a juye mai da wuri, ba sai an jira wa'adin littafi ba, a sake yanka filtar a kwatanta takardarta da ta farko da aka ajiye.