Yadda ake karanta alƙaluman kammala karatu na kwalejin al'umma a Amurka kafin ka zuba kuɗinka

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutun. Yaron yana aikin dare a wani sito a Bronx da ke birnin New York, ya daɗe yana cewa zai koma makaranta, rannan wajen ƙarfe ɗaya na dare sai ga hoto ya shigo min ta WhatsApp, ya zagaye wata lamba da jan layi, a ƙasa ya rubuta "Kawu, makarantar da kake ta cewa in shiga ashe ko kwata ba sa gamawa?" Na ce masa ka ji da aikinka tukuna, in Allah ya kai mu Lahadi ka zo gida mu zauna. Abin da na nuna masa ranar shi zan jero a nan, don na san ba shi kaɗai lambar nan take tsoratarwa ba.

Ga wanda bai sani ba, kwalejin al'umma makarantar gwamnati ce ta shekara biyu, ana fita da ƙaramin digiri da suke kira asoshiyet, kiredit 60 ko kusa da haka (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da ka ɗauka), kuma kusan duk mai takardar gama sakandare ana ɗaukarsa, babu wani yanke maki irin na JAMB. Ta farko ita ce Joliet a jihar Illinois, tun 1901. To tunda ƙofar a buɗe take, kowa da kowa ne a ciki, direban tasi, mai jego, ɗan shekara 18 da ɗan shekara 50. Ka riƙe wannan a ranka don shi ne tushen komai.

Abu na farko, ka manta da lambar da makaranta ta manna a tallarta. Buɗe College Navigator, shafin cibiyar ƙididdiga ta ma'aikatar ilimi ta Amurka, NCES. Tun 1990 akwai dokar da ta tilasta wa makarantun da ɗalibansu ke cin tallafin gwamnatin tarayya su bayyana adadin masu gamawa, kuma duk shekara suna tura alƙaluman cikin rumbun da ake kira IPEDS, daga nan shafin yake kwasowa. Rubuta sunan makarantar, ka gangara har inda aka rubuta Retention and Graduation Rates, ka danna. A waya yana ɗan wahalar karantawa gaskiya, in akwai kwamfuta ya fi.

Na biyu, kuma nan ne mutane suke faɗawa rami, ka tambayi kanka su wa aka ƙirga. Lambar kammalawa da kake gani ba ta duka ɗalibai ba ce. Ta waɗanda suka shigo karon farko a rayuwarsu ne, suka yi rajista cikakkiya, wato kiredit 12 zuwa sama a samista, kuma suka gama cikin lokaci ɗaya da rabi na asalin karatun. Karatun shekara biyu kenan an ba su shekara 3. Shi kenan. Wanda yake ɗaukar kwas biyu saboda aiki ba ya ciki. Wanda ya taɓa yin wata kwaleji ya dawo ba ya ciki. Wanda ya gama a shekara ta huɗu yana cikin lissafi amma an sa shi a layin waɗanda ba su gama ba, ko da kuwa ya sa rigar yaye ya yi hoto an tura gida.

Na ɗauki bayan takardar kuɗin wuta na zana wa yaron misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don ya gane. Na ce ka ɗauka mutum 100 suka shiga tare. Bayan shekara 3, mutum 25 sun karɓi takarda. Mutum 15 sun tsallaka jami'a mai shekara huɗu tun kafin su gama, don ba su ga amfanin jira ba. Mutum 15 har yanzu suna aji, suna tafiya a hankali. Sauran 45 sun ɓace. Shafin zai rubuta maka 25 da manyan baƙi, kai kuma ka ɗauka 75 sun faɗi, alhali waɗanda suka watsar da gaske 45 ne. Ya yi shiru yana kallon takardar, can ya ce "to Kawu 45 ɗin ma ai ba kaɗan ba ne." Na ce wallahi gaskiyarka, ba wanke makarantar nake ba, so nake ka tsorata da lambar da ta dace.

Shi ya sa mataki na uku shi ne ka duba adadin waɗanda suka yi taransifa, wato suka koma wata makaranta kafin su gama, yana nan kusa da na kammalawa, ka haɗa su biyun da kanka. Akwai kuma inda ake nuna masu gamawa cikin ninki biyu na lokaci, shekara 4, ka ga ko lambar ta ɗaga sosai.

Na huɗu, lambar riƙe ɗalibai. Ni a wajena ta fi ta kammalawa faɗar gaskiya, kuma ta fi sabunta, don ita ta kammalawa labarin waɗanda suka shiga shekaru da dama baya take ba ka, ƙila ma shugaban makarantar na lokacin ya yi ritaya. Ma'anarta mai sauƙi ce, cikin sababbin da suka shiga a samistan kaka, wajen ƙarshen Agusta ko Satumba, nawa ne suka dawo kaka mai zuwa ko suka riga suka gama kwas ɗinsu. Kuma an raba ta biyu, masu cikakkiyar rajista daban, masu rabin lokaci daban. Kai mai aikin dare, layin masu rabin lokaci shi ne naka, kuma kusan kullum za ka tarar ya fi ɗayan ƙasa. Shekarar farko ita ce mai cin mutane. Kuɗin littafi ya zo ba shiri, manaja ya canza maka shif, lissafi ya kayar da kai sau ɗaya, sai ka ce bari in huta samista ɗaya, to hutun nan da yawa ba sa dawowa daga shi, na ga wannan da idona a cikin 'yan'uwanmu ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Na biyar, ka ƙara gangarawa ƙasa zuwa sashen Outcome Measures, wanda yawanci ba a kula shi. An ƙirƙiro shi ne wajen 2015 saboda ƙorafin da kwalejojin nan suka daɗe suna yi cewa ana auna su da sikelin jami'o'i. A nan ana bin kowa, har masu rabin lokaci da waɗanda suka zo daga wata makaranta, har tsawon shekara 8, a nuna maka nawa suka samu takarda, nawa suna nan, nawa suka koma wani wuri, nawa ba a san inda suke ba. Akwai ma rabon masu cin tallafin Pell, kuɗin da gwamnatin tarayya take ba marasa ƙarfi, ba bashi ba ne. In kana cikinsu, layinka kenan. In kuma da bizar ɗalibi ta F-1 za ka zo daga Kano ko Yamai ko Kumasi, ba ka da Pell, kuma doka ta ɗaure ka da kiredit 12 a samista, saboda haka lissafinka daban ne tun daga tushe.

Na shida, kwatance. Kada ka ɗauki kwalejin al'umma ka gwada da manyan jami'o'i irin su Columbia ko Harvard, su sun tace ɗalibai tun a bakin ƙofa. A faɗin ƙasar, kammalawa cikin shekara 3 a kwalejojin gwamnati masu shekara biyu tana yawo ne wajen kashi 30 cikin 100, in kuma aka bi ɗalibai shekara 6 har inda suka koma suka gama, kamar yadda cibiyar tattara bayanan ɗalibai ta National Student Clearinghouse take yi, lambar tana haura kashi 40. Ka zaɓi makarantu biyu ko uku da ƙafarka za ta iya kaiwa, shafin yana bari ka jera su gefe da gefe.

Na bakwai, rufe wayar ka taka da ƙafarka ofishin ɗaukar ɗalibai, don lamba ba za ta gaya maka abin da za su yi maka ba. Tambaya ta farko, kuna da shirin tallafi irin ASAP? Wannan shiri ne da CUNY, hukumar jami'o'in birnin New York, ta fara a 2007, suna cike maka giɓin kuɗin makaranta, su taimaka da littattafai, su ba ka katin shiga jirgin ƙasa da bas, sannan a haɗa ka da mai ba da shawara guda da dole ka riƙa gani a kai a kai, ba wanda za ka gani sau ɗaya a shekara ba. Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shi ta hanyar ƙuri'a, wasu ɗalibai a ciki wasu a waje, bayan shekara 3 kashi 40 na waɗanda ke ciki sun gama, na waje kashi 22. Aka kai irinsa kwalejoji uku a jihar Ohio, aka samu 35 da 19. Kaga kenan lambar makaranta ba ƙaddara ba ce, a gini ɗaya ma ana samun lambobi biyu. Sharaɗinsa dai shi ne cikakkiyar rajista, kuma nan ne gizo ke saƙa ga mai aiki.

Tambaya ta biyu, in gwajin shiga ya nuna lissafina ko Turancina da rauni, me za ku yi da ni? Da can sai a jefa ka azuzuwan share fage da ba su da kiredit, ka biya kuɗi ka shekara ba ka matsa ko taku ɗaya ba, kuma mutane da yawa a nan suke karaya. California ta yi doka a 2017, AB 705, don rage wannan, CUNY ma ta daina irin tsofaffin azuzuwan, yanzu kana shiga ainihin kwas mai kiredit a ƙara maka awannin taimako a gefe. In makaranta ta ce har yanzu sai ka yi share fage hawa biyu ko uku, ka yi tunani da kyau.

Sai lissafin da ba kowa yake gaya maka ba. Kiredit 12 ana kiransa cikakkiyar rajista, amma 12 sau huɗu 48 ne, ba 60 ba. In kana son gamawa a shekara biyu sai 15 a samista, ko ka cike da karatun bazara. Kuma mai cin tallafi ya kiyaye, yawancin makarantu suna so matsakaicin makinka, wato GPA, kada ya sauka ƙasa da 2.0 cikin 4.0 kuma ka ci kusan kashi 67 na kiredit ɗin da ka yi wa rajista, in kana yawan janye kwas tallafin zai tsaya. In niyyarka ka wuce jami'a, ka nemi su nuna maka a rubuce waɗanne kwasa-kwasai jami'ar za ta karɓa.

Ɗan yayar tawa dai ya jera makarantu uku, ya zaɓi wadda lambar kammalawarta ba ita ce ta sama ba, saboda masu rabin lokaci sun fi dawowa a can kuma jirgin ƙasa ɗaya ne daga gidansu. Kwas uku ya ɗauka a samistan farko, yanzu rigimar da ta rage ita ce ta manajansa, yana so a cire shi daga daren Talata saboda ajin lissafin safiyar Laraba ƙarfe takwas ne.