Dillancin Ma'aikata a Ƙasar Waje: Abin da Sabon Zuwa Zai Riƙe

Ɗan'uwa, idan ka sauka Turai ko Amurka kana laluben sana'a, ba za ka daɗe ba sai ka ci karo da tallan kamfanonin da ke samo wa wasu kamfanoni ma'aikata. Manyansu sanannu ne: Randstad na Holan, Adecco na Siwizalan, Hays na Ingila, Manpower na Amurka. Da yawansu suna ɗaukar sabon hannu ba tare da neman wani digiri na musamman ba, don haka shiga ba wuya. Daɗewa a ciki ita ce ke gagarar mutane. Aikin dillanci ne tsantsa, kana tsakanin mai neman ma'aikaci da mai neman aiki, sai an daidaita ka ci la'ada, kuma jarinka duka shi ne mutane su yarda da maganarka.

Fara da sanin wanda ke biyan ku. Kamfanin da ya ɗauki ma'aikacin shi ke biya, a aikin dindindin galibi kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na albashin shekarar farko. A Ingila, dokar 1973 ta hana karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki don a samo masa aiki, in ban da 'yan fannoni kamar wasan kwaikwayo da tallan tufafi. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ita ma kan wannan turbar take. Wata rana wani zai matsa maka da ɗan hasafi don ka sa sunansa gaba. Ka yi masa godiya, ka ƙi. Sannan yawancin yarjejeniyoyi suna da sharaɗin cewa idan ma'aikacin ya bar wurin cikin makonnin farko, a mayar wa kamfani wani ɓangare na kuɗinsa. Wanda ya cusa mutum inda bai dace ba don ya cika lissafin wata, kansa ya yi wa.

Darasin da ya fi yi mini zafi, jin nauyi ne ya jawo shi. A watannina na farko na tura wata ma'aikaciyar lissafin kuɗi intabiyu har zagaye biyu. Ranar Talata manajan ya ce sun zaɓi wani. Na ɗauki waya na ajiye, na sake ɗauka na ajiye, ina ta saƙa yadda zan faɗa mata ba tare da na karya mata zuciya ba. Ban kira ba sai Juma'a. Ta yi shiru, sannan ta ce a hankali, "Ranar Laraba wani wuri suka ba ni aiki, na ce musu ina jiran naku." Har yau ina jin muryarta. Tun daga ranar, mummunan labari shi nake fara isarwa, kuma da baki, ba ta imel ba. Ka faɗi gaskiyar dalili gwargwadon abin da aka ba ka izini. Mutum zai yafe maka "ba a dace ba", amma shirunka ba ya mantawa da shi.

Waya kuwa, kada karin harshenka ya sa ka gudu ka ɓuya bayan rubutu. Ka sassauta magana, ka maimaita suna da adadi, in ba ka ji ba ka ce a sake. Na ga masu zaƙin baki sun gaza, na ga masu nauyin harshe sun yi fice, saboda su suna sauraro. Ka ware sa'o'in safe don kira kafin saƙonni su cinye maka yini. LinkedIn, shafin intanet da ma'aikata ke baje tarihin aikinsu, zai nuna maka inda mutum ya yi aiki, amma dalilin da ya sa yake son tashi sai ka tambaye shi, kuma nan ne maganar take. Nawa yake karɓa yanzu, nawa yake so, sanarwar wata nawa zai ba wurin aikinsa kafin ya tafi, yana da izinin aiki a ƙasar ko sai an nema masa biza? Ka kuma tambaye shi tun ranar farko: idan maigidanka ya ƙara maka albashi don ka zauna, me za ka yi? Wanda bai yi wannan tambayar ba, shi ake kira ranar Juma'a da yamma a ce masa an fasa, alhali Litinin za a fara aiki.

Duk abin da aka faɗa maka, rubuta shi nan take. Kuma takardar tarihin aikin mutum amana ce, kada ka aika ta ko'ina sai ya amince. A Turai dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a 2018 ba ta wasa da wannan.

Za ka gamu da manajan da zai ce maka cikin raɗa kada ka kawo masa mai yawan shekaru, ko mace mai ƙananan yara. A Ingila dokar daidaito ta 2010 ta hana wariya saboda shekaru, jinsi, addini, launin fata ko naƙasa, kuma ta hau kan dillali kamar yadda ta hau kan kamfani. Ka ce masa ba za ka iya ba, ka sanar da shugabanka. Kai da ka san ɗacin a ajiye takardarka saboda sunanka, bai kamata a ƙulla irin wannan da hannunka ba. Haka 'yan'uwa da za su yi ta kiran ka da zarar sun ji inda kake aiki: ka gyara musu takarda, ka koya musu amsa tambayoyi, ka nuna musu hanya da zuciya ɗaya, amma kada ka gabatar da wanda bai cancanta ba, don gobe ƙofar za ta rufe wa wanda ya cancanta.

Ka zaɓi fanni ɗaya, ko jinya, ko gine-gine, ko kwamfuta, ka koyi kalmominsa har manaja ya ji yana magana da wanda ya san aikin. La'ada kuma wata ta zo, wata ta ɗauke, musamman lokacin hutun bazara da ƙarshen shekara da masu yanke shawara ke tafiya hutu. Ka tsara haya da cefanenka a kan albashin da aka yanka maka kawai. A irin watannin nan da waya ke yin shiru, ka bi waɗanda ka samar wa aiki bara ɗaya bayan ɗaya, ka tambaye su ya aikin, ko sun saba.