Yadda za a dawo wa mota da ƙarfinta, a rage mata shan mai, ba tare da an cire indomi ba

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu motoci da yawa ke jin shawara guda a gareji: a fasa salansa a zazzage abin nan mai kama da saƙar zuma da makanikai ke kira indomi, wai sai mota ta sami numfashi ta daina shan mai. Idan indomin lafiyarsa ƙalau, wannan shawara ba ta da tushe. Aikinsa shi ne rage gubar hayaƙi, har da irin iskar da ke halaka mutanen da suka kwana da janareta a kunne cikin gida, kuma ƙarafan platinum, palladium da rhodium da ke jikinsa suna da tsada ƙwarai, shi ya sa wasu ke kwaɗayin a cire shi.

A fara da na'urar bincike kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da kafar OBD-II, inda ake jona wannan na'ura, a ƙarƙashin sitiyari, kuma yawancin 'yan Kwatano suna da ita. Lambar P0420 na nufin indomi ba ya tacewa yadda ya kamata, P0300 na nufin silinda na tsallake wuta, P0401 kuwa na nuna hanyar EGR, wadda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, ta toshe.

Daga nan sai a duba sensar iskar oksijin ta gaba, wadda ke tsakanin inji da indomi, domin sau da yawa a nan matsalar take. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, na ƙoƙarin haɗa iska kashi 14.7 da fetur kashi ɗaya a ma'aunin nauyi, kuma da rahoton wannan sensa take daidaita haɗin. A irin sensar da aka fi sani, idan inji ya ɗumama, wutarta kan yi ta hawa da sauka da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Idan ta yi nawa ko ta tsaya wuri guda, lissafin ya rikice, mota ta sha mai fiye da ƙima, ɗanyen man kuma ya je ya ƙone cikin indomi har ya narkar da shi. A sauya ta da ta asali, a kuma gyara fulogi ko kwail mai tsallake wuta a lokaci guda.

Abin da ya fi damuna shi ne cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, da ake yi wa mota da zarar ta shigo ƙasa, da sunan zafin rana. Inji na bukatar ruwansa ya kai kusan digiri 90 kafin ya yi aiki daidai, kuma muddin ƙwaƙwalwa na ganinsa da sanyi, za ta ci gaba da ƙara masa mai. A mayar da tamostat, a kuma bar fanka ta riƙa tashi da kanta maimakon haɗa ta kai tsaye.

A lokacin hunturu ƙura kan toshe matatar iska da wuri, don haka a riƙa duba ta, a fesa wa sensar auna iska maganin da aka yi dominta, kada a taɓa ta da hannu. Bawul ɗin EGR kuwa wanke gawayinsa yakan isa.

Idan bayan duk wannan mota na kasa hawa tudu, sai a cire sensar gaba a ɗaura ma'aunin matsi a gurbinta. Idan matsin hayaƙin ya haura kusan psi 3 a ma'aunin yayin da inji ke juyawa 2,500 a minti, indomi ya toshe, kuma sai a sa wani mai kyau a madadinsa bayan an tabbatar an magance abin da ya kashe na farkon, ko yawan mai ne ko baƙin mai da inji ke ƙonawa.